Ghali Umar Na'Abba da lissafin kujeru 360

Duk lokacin da aka kira majalisar yau da sunan 'yan amshin shata, sai ka ji wani ya ambaci Ghali Umar Na'Abba. Mutane suna tuna shi a matsayin Kakakin Majalisar Wakilai da ya tsaya wa Shugaba Olusegun Obasanjo a maƙoshi, kuma yawanci a nan zancen ke ƙarewa: an ce jarumi ne, ba ya tsoro. Gaskiya ne ba ya tsoro. Amma zuciya ita kaɗai ba ta riƙe kujerar Kakaki shekara huɗu ba kaɗan alhali fadar shugaban ƙasa na neman ganin bayanka. Abin da ya riƙe shi lissafi ne da sanin ƙa'ida, kuma wanda bai fahimci lissafin nan ba, ba zai gane inda ya yi nasara ba, balle inda ya faɗi.

An haife shi a birnin Kano ranar 27 ga Satumba 1958. Mahaifinsa, Alhaji Umar Na'Abba, ɗan kasuwa ne kuma mabiyin Malam Aminu Kano, don haka a gidan siyasar talakawa ya tashi. Ya yi firamaren Jakara, ya wuce Kwalejin Rumfa, sannan ya karanta kimiyyar siyasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda ya gama a 1979. Tun yana ɗalibi ya shiga PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano. Bayan karatu ya koma harkar kasuwancin gidansu, kuma a can ya shafe shekarun mulkin soja. Da aka buga gangar siyasa a 1998 ya shiga PDP, ya ci kujerar mazaɓar Birnin Kano a zaɓen majalisar tarayya na 20 ga Fabrairu 1999.

PDP ta raba manyan muƙamai bisa shiyya: shugaban ƙasa daga kudu maso yamma, mataimakinsa daga arewa maso gabas, shugaban Majalisar Dattawa daga kudu maso gabas, Kakakin Majalisar Wakilai daga arewa maso yamma. Na'Abba ya nemi kujerar tun farko, aka lallashe shi ya janye wa Salisu Buhari, shi ma ɗan Kano, aka ba shi shugabancin kwamitin kasafin kuɗi. Salisu Buhari bai cika wata biyu ba. Mujallar The News ta bankaɗo cewa takardar digirin Jami'ar Toronto da ya gabatar ta jabu ce, kuma shekarunsa 29 ne ba 36 ba. A lokacin sashe na 65 na kundin tsarin mulki ya ce sai mai shekara 30 zai zama ɗan Majalisar Wakilai (an sauke zuwa 25 a 2018), sashe na 66 kuma ya haramta takara ga wanda ya miƙa wa hukumar zaɓe takardar jabu. Ya sauka a watan Yuli 1999, 'yan majalisa suka zaɓi Na'Abba, Chibudom Nwuche na jihar Ribas ya ci gaba da zama mataimaki.

Nan ne ya kamata a tsaya a duba lambobin. Majalisar Wakilai kujeru 360 gare ta, ta Dattawa 109. Zama ba ya halatta sai da kashi 1 cikin 3 na mambobi, wato 120 a Wakilai. Yawancin al'amura da rinjayen waɗanda ke zaune ake yanke su, kuma da murya: Kakaki ya ce masu goyon baya su amsa, masu adawa su amsa, ya saurara, ya buga guduma ya faɗi ɓangaren da ya yi rinjaye. Kunnensa ne alƙali, sai fa idan wani ya tashi ya nemi a ƙirga mutum-mutum. Shi ke zaɓar wanda zai ba dama ya yi magana cikin hannaye goma da aka ɗaga, shi ke jagorantar kwamitin da ke raba shugabancin kwamitoci, kuma abin da zai shiga takardar ayyukan rana ba ya wucewa ba da saninsa ba. Wannan shi ne ikon yau da gobe. Amma manyan abubuwa uku, wato tsige Kakaki, tsallake ƙin amincewar shugaban ƙasa, da tsige shugaban ƙasa, duk suna buƙatar kashi 2 cikin 3. A Wakilai 240 ke nan, a Dattawa 73.

Juya lissafin ta ɗaya gefen. Idan sai da 240 za a cire Kakaki, to mutum 121 da suka tsaya masa sun ishe shi ya kwana lafiya. PDP tana da kujeru sama da 200 a wancan zango amma ba ta kai 240 ba. Sauran suna hannun jam'iyyun adawa, APP da AD. Ma'ana, ko da jam'iyyar ta haɗa kan 'ya'yanta kakaf, ba za ta iya cire shi ba sai ta ranto ƙuri'a daga 'yan adawa. Na'Abba ya gane wannan da wuri. Bai ɗauki kansa Kakakin PDP ba, ya ɗauki kansa Kakakin zauren, ya jawo 'yan adawa a jiki, ya mayar da duk wani hari a kansa hari a kan mutuncin majalisa baki ɗaya. A ganina wannan ita ce gwanintarsa ta gaske, fiye da zafin kalamansa.

A dubi abin da ke faruwa a ɗaya zauren a daidai wannan lokaci. Evan Enwerem ya hau shugabancin Majalisar Dattawa a Yuni 1999, aka tsige shi a Nuwamba. Chuba Okadigbo ya gaje shi, aka tsige shi a Agusta 2000. Anyim Pius Anyim ne ya ƙarasa zangon. Shugabanni uku cikin wata 15. A zaure mai mutum 109 kowane sanata ana iya zama da shi a ɗaki a yi magana, kuma mutum 73 ba su da wuyar tarawa idan bango ya riga ya tsage. Tara 240 cikin matasan 'yan siyasa da yawancinsu wannan ne karonsu na farko, masu jin cewa su ne sabon jini, wani aiki ne daban.

An gwada, ba sau ɗaya ba. Yadda ake yi shi ne a zagaya da takarda gida-gida a rukunin gidajen 'yan majalisa na Apo a Abuja ana karɓar sa hannu. Matsalar takardar sa hannu ita ce ba ƙuri'a ba ce. Mutum yana iya sa hannu da daddare don ya rabu da mai roƙo, ko don abin da aka miƙa masa, gari ya waye ya shiga zaure ya zauna a bayan Kakaki. Wani ma ya sa hannu a takardar tsigewa da ta goyon baya duka biyu. A ƙarshen 2000 abin ya fito fili ta hanyar da 'yan Najeriya ba su manta ba: aka shigo da damman kuɗi, naira miliyan 4, aka zube su a kan teburin zauren kusa da sandar majalisa, kyamarori na ɗauka, wasu mambobi suka ce kuɗin da aka ba su ne don su tsige Kakaki. Waɗanda aka nuna wa yatsa sun musanta. Amma daga ranar, duk wanda ya tashi neman cire Na'Abba sai abokan aikinsa su yi masa kallon wanda ya karɓa, kuma wannan ya ƙara masa katanga.

Aikin da ya fi nuna ƙarfin wancan majalisa shi ne dokar hukumar raya yankin Neja Delta, NDDC. Kafin a gane girmansa sai an san hanyar da ƙudurin doka ke bi. Karatu na farko sunan ƙudurin kawai ake ambata. A karatu na biyu ake muhawara kan manufarsa, idan ya tsallake a miƙa shi ga kwamiti, kwamiti ya kira zaman jin ra'ayin jama'a ya rubuto rahoto. Sai zauren ya rikiɗe ya zama kwamiti guda, a bi ƙudurin sakin layi bayan sakin layi, a gyara na gyarawa, sannan karatu na uku. Ɗaya zauren ma ya yi haka. Idan abin da suka fitar ya bambanta ko da da kalma ɗaya ne, sai a kafa kwamitin haɗin gwiwa ya daidaita, kowane zaure ya amince da rahotonsa, Akawun Majalisar Tarayya ya fitar da tsabtataccen kwafi ya aika fadar shugaban ƙasa. Sashe na 58 ya ba shugaban ƙasa kwana 30 ya sa hannu ko ya ce ya ƙi. Idan ya ƙi, kuma kowane zaure ya sake zartar da ƙudurin da kashi 2 cikin 3, ya zama doka ba tare da hannunsa ba.

Obasanjo ne da kansa ya kawo ƙudurin NDDC a 1999. Majalisa ta yi masa gyare-gyare, musamman wajen kuɗin da za a riƙa zuba wa hukumar, shi kuma bai ji daɗin abin da ya dawo masa ba, ya riƙe hannunsa. A watan Yuni 2000 zaurukan biyu suka tsallake shi. Dokar ta ɗora wa gwamnatin tarayya biyan kwatankwacin kashi 15 cikin 100 na kason wata-wata na jihohi 9 da ke cikin hukumar, ta kuma ɗora wa kamfanonin mai kashi 3 cikin 100 na kasafinsu na shekara. Abin lura shi ne, Bakano ne ke riƙe da guduma ranar da aka tilasta wa shugaban ƙasa ɗan kudu ƙarin kuɗi ga yankin da ake haƙo mai. Ba a cika faɗin wannan ba idan ana maganar dangantakar arewa da Neja Delta, kuma ya cancanci a riƙa faɗi.

Sai dai ba kowane tsallakewa ne ya tsaya da ƙafarsa ba, kuma nan ne kuskuren aiki ya shigo. A dokar zaɓe ta 2002 majalisa ta sake tsallake shugaban ƙasa, amma da ƙudurin baka kawai, kuma da kashi 2 cikin 3 na waɗanda suka halarci zaman. Da magana ta je Kotun Ɗaukaka Ƙara, kotun ta ce abin da kundin ke nufi shi ne kashi 2 cikin 3 na dukan mambobi, 240 da 73, kuma sake zartar da ƙuduri yana nufin a sake bi da shi ta matakansa, ba a tashi a karanta ƙudurin amincewa a buga guduma ba. Haka ma sabuwar dokar ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci, da majalisar ta yi gaggawar zartarwa a ƙarshen zangonta a 2003 don maye gurbin ta 2000, kotu ta rushe ta. Wannan ta biyun ba ta ƙara wa majalisar daraja ba, domin ta zo ne lokacin da ake kai ƙorafe-ƙorafe kan shugabannin majalisar gaban hukumar, jama'a kuma suka fassara abin da cewa ana neman yanke wa mai bincike farce ne. Wanda ke son Na'Abba ba ya buƙatar ɓoye wannan. Haka nan kuɗin sayen kujeru da gadaje na miliyoyin naira da 'yan majalisa suka karɓa a 1999, lokacin da ma'aikata ke kukan albashi, ya zubar musu da mutunci tun ba a je ko'ina ba, kuma ɓangaren zartarwa ya yi ta dukansu da wannan sanda har ƙarshen zango.

Akwai wani wuri da doka ke lalacewa wanda mutane ba su cika lura da shi ba: tsakanin teburin Akawu da teburin shugaban ƙasa. A Disamba 2001, bayan an sa hannu a dokar zaɓe ta shekarar, sai aka ga wani sakin layi a sashe na 80 wanda 'yan majalisa suka ce ba su taɓa zartar da shi ba. Sakin layin ya hana sabbin jam'iyyu shiga babban zaɓe sai sun fara nuna ƙarfi a zaɓen ƙananan hukumomi. Aka yi ta jifan juna da laifi tsakanin fadar shugaban ƙasa da shugabannin majalisa, daga bisani aka cire shi. A ƙarshen 2002 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Balarabe Musa na PRP da abokansa suka kai INEC, ta rushe yawancin sharuɗɗan rajistar jam'iyyu, shi ya sa aka shiga zaɓen 2003 da jam'iyyu 30. Darasin aikin a nan mai sauƙi ne: dole wani ya zauna ya gwada kwafin da aka aika da rahoton kwamitin haɗin gwiwa, layi da layi, kafin ya bar harabar majalisa.

Tushen rigimar Na'Abba da Obasanjo kuwa kasafin kuɗi ne. Sashe na 81 ya ce shugaban ƙasa ya gabatar da ƙiyasi, sashe na 80 ya ce ba a fitar da ko kwabo daga asusun gwamnatin tarayya sai yadda majalisa ta amince. Obasanjo, wanda ya mulki ƙasar a kakin soja daga 1976 zuwa 1979 ba tare da majalisa ba, yana ganin aikin 'yan majalisa su duba su amince. Su kuma suna ganin suna da ikon ƙarawa, ragewa da sauya wa kuɗi wuri. Idan suka ƙara, sai ɓangaren zartarwa ya ƙi sakin kuɗin abin da aka ƙara. Kuma makamin da ya fi ciwo shi ne, a wancan lokaci kuɗin gudanar da majalisar kanta ta hannun ɓangaren zartarwa yake fitowa, ana iya jinkirta shi a ga yadda za su yi. Sai a gyaran kundin tsarin mulki na 2010 aka sa kuɗin majalisa cikin waɗanda ake cirewa kai tsaye. Na'Abba ya yi yaƙinsa ne da wanda ke riƙe da tukunyar abincinsa.

Wannan ne ya kai ga 13 ga Agusta 2002, ranar da Majalisar Wakilai ta ba shugaban ƙasa mako biyu ya sauka ko a tsige shi. Daga baya ta lissafo tuhume-tuhume 17, ciki har da rashin aiwatar da kasafi yadda aka zartar, kashe kuɗi ba da izini ba, da tura sojoji garin Odi na jihar Bayelsa a 1999 da Zaki Biam na jihar Binuwai a 2001, inda aka kashe fararen hula da yawa. Obasanjo ya fara da cewa wasa ne da ya wuce gona da iri, amma daga baya ya zauna ya ba da amsa a rubuce.

Abin da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, wa'adin mako biyun nan ba ya cikin sashe na 143. Gargaɗi ne na siyasa. Ainihin tsigewa tana farawa ne da takardar tuhuma mai sa hannun aƙalla kashi 1 cikin 3 na mambobin zaurukan biyu a haɗe, 157 cikin 469, kuma shugaban Majalisar Dattawa ake miƙa wa, ba Kakaki ba. Shi zai aika wa wanda ake tuhuma da kowane mamba kwafi cikin kwana 7. Cikin kwana 14 kowane zaure ya kaɗa ƙuri'a, ba tare da muhawara ba, kan ko a bincika, kuma sai da 240 da 73. Idan an samu, Alƙalin Alƙalan Najeriya ya naɗa kwamitin mutum 7 waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba, ba 'yan majalisa ba, ba 'yan jam'iyya ba. Suna da wata 3 su kawo rahoto. Idan suka ce ba a tabbatar da laifi ba, magana ta mutu nan take. Idan suka ce an tabbatar, sai kowane zaure ya sake kawo kashi 2 cikin 3 cikin kwana 14. Wato sau biyu ake neman lambar nan mai wuya, a zauruka biyu, da watanni a tsakani da ake iya zare mutane ɗaya bayan ɗaya.

Lissafin da ya kare Na'Abba shi ne ya kare Obasanjo. Shugaban ƙasa sanatoci 37 kacal yake buƙata su ƙi, komai yawan masu ihu a Wakilai. Ga zaɓen fid da gwani yana ƙaratowa, kowane mamba yana tunanin tikitinsa, tikitin kuwa yana hannun gwamna da uwar jam'iyya. A kudu maso yamma an karanta yunƙurin a matsayin makircin arewa, don haka 'yan AD, waɗanda ba su zaɓi Obasanjo a 1999 ba, suka koma kare shi. Sannan dattawa irin su Janar Yakubu Gowon da Alhaji Shehu Shagari suka shiga tsakani. Kafin ƙarshen shekara zancen ya lafa ba a kai ga ƙuri'ar bincike ba, kuma a Janairu 2003 Obasanjo ya kayar da Alex Ekwueme ya sake karɓar tutar PDP. Ni dai ban ɗauki yunƙurin a matsayin asara ba. Karo na farko ke nan a Jamhuriya ta Huɗu da aka sa shugaban ƙasa ya amsa tambaya kan Odi da Zaki Biam da kuɗin da ya kashe.

Amma Kakaki, komai ƙarfinsa a Abuja, ɗan majalisar mazaɓa ɗaya ne cikin 24 na jihar Kano, kuma can ake yanke masa hukunci. Na'Abba ya shiga zaɓen 12 ga Afrilu 2003 da tutar PDP alhali yana takun-saƙa da ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar, a shekarar da guguwar Janar Muhammadu Buhari da jam'iyyarsa ta ANPP ta taso a Kano. Ya rasa kujerarsa, mako guda bayan nan Malam Ibrahim Shekarau ya kayar da Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso. Ya ƙare a tsakiya: manyan jam'iyyarsa ba su damu ya dawo ba, masu zaɓe kuma lemar PDP da ke kan takardar ƙuri'a suka duba, ba su duba abin da ya yi a zaure ba. Aminu Bello Masari ne ya gaje shi.

Bai sake riƙe muƙamin zaɓe ba. Ya fita PDP, ya dawo, ya shiga APC, ya sake fita, kuma a 2020 yana cikin jagororin wata gamayya ta neman sabon tsarin siyasa, har hukumar DSS ta gayyace shi bayan wata hira da ya yi a talabijin. Abin da ya bari a zauren ya ci gaba da bayyana jefi-jefi: a 2011 mambobi suka zaɓi Aminu Waziri Tambuwal saɓanin wadda PDP ta tsayar, a 2015 suka zaɓi Yakubu Dogara saɓanin zaɓin APC. Tsallake shugaban ƙasa kuwa ya zama abin da ake barazana da shi ba a aikatawa. Shugaba Muhammadu Buhari ya mayar da gyaran dokar zaɓe har sau huɗu a 2018, majalisa ba ta kai ga ƙuri'a ba. A Disamba 2021 ya sake mayar da shi saboda tilasta zaɓen fid da gwani na 'yar tinƙe, wanda 'yan majalisa suka sa don su ƙwace tikitinsu daga hannun gwamnoni. Sanatoci suka tara sa hannu, suka tafi hutu, suka dawo suka sassauta sakin layin, aka sa hannu a Fabrairu 2022.

Ghali Umar Na'Abba ya rasu a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja ranar 27 ga Disamba 2023 yana da shekara 65, aka kai shi Kano aka yi masa sutura. Allah ya jiƙansa, ya kyautata makwancinsa.